Ragon da Ya Ba da Shaidar Lafiyarsa

An yi wani falken dabbobi, Mati Ɗangwauro, ya ɗauko raguna arba'in a mota zai ƙetare da su kasuwar wata ƙasa. Likitan dabbobi ya duba su, ya yi musu allura, ya ba shi takardar shaidar lafiya. A bakin iyaka sai wani jami'i mai suna Sallau ya tare motar, yana ta satar kallon wani ƙosasshen rago da yake so a bar masa.

Sallau ya ce, "Takardar nan maganar likita ce. Ai mai jiki shi ya san jikinsa. Sai rago ya faɗa da bakinsa cewa lafiyarsa lau, in ba haka ba kasuwa ta ci babu kai."

Mati ya ce, "Wannan mai sauƙi ne, yallaɓai." Ya kama ƙahon ragon ya ce, "Kai, yallaɓai na tambaya, akwai abin da ke damunka?"

Rago ya ce, "Meee!"

"Ka ji ko, yallaɓai? Cewa ya yi, 'Me?' Wato babu komai."

"Ƙarya kake! Ba haka ya ce ba!"

"Allah ya huci zuciyarka. Ashe kai ma kana jin yaren raguna. To fassara mana, ga direbobi su shaida. In kuwa ba ka ji, ta yaya ka san ƙarya nake?"

Sallau ya daburce, ya ce, "Me?"

Mati ya ce, "Alhamdu lillahi, yallaɓai ma lafiyarsa lau."

Direbobi suka tuntsire da dariya. Sallau ya buga hatimi, ya ɗage shinge, ko ɗago kai bai yi ba.