Mutumin Da Ya Toshe Akwatin Furanni

Akwai wani mutum mai aikin dako a wani babban sito inda ake sauke buhunan siminti. Matarsa kuwa mai lambu ce, shekara talatin tana noman alayyafo da albasa a bakin rafi. Ana nan sai ciwo ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka yi magani, rai ya tsira, amma ƙafa ta ƙi kai ta rafi. Kowace safiya sai mijin ya ɗauko ta ya zaunar da ita a kujera a baranda, ya tafi aiki, ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta. Abinci loma biyu. Magana ba ta wuce "i" da "a'a". Yana ji yana gani matarsa tana ƙarewa.

A bayan siton nan akwai tarin katakan da ake jera buhuna a kansu don kada danshin ƙasa ya taɓa su. In sun karye sai a jefar. Mutumin ya ce a ransa, "Tun da ba za ta iya zuwa lambu ba, bari in kawo mata lambu ƙofar ɗaki." Ya roƙi mai sito, mai sito ya ce, "Kwashe, dama sun tare mini wuri."

Ya ɗauko su a ka, ɗaya bayan ɗaya. Asabar uku yana aiki. Ya ɓalle katakan, ya zare tsoffin ƙusoshi, ya miƙe su a kan dutse da guduma. Ya yanke ruɓaɓɓen da zarto, ya kankare sauran da fasasshiyar kwalba har suka yi sumul. Ya haɗa dogon akwati, ya yi masa ƙafafu masu tsayi, yadda mai zama a kujera zai kai hannu ba tare da ya sunkuya ba. Guntayen da suka rage ya jera su a gaba kamar zanen tabarma, ya shafa fenti shuɗi da fari. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya ce, "Kai, wannan daga birni aka kawo?"

Amma da ya zo zuba ƙasa, sai tsoro ya kama shi. Ya ce, "Ruwan nan daga nesa nake ɗebo shi, bai kamata ya zube a banza ba. In kuma ya jiƙa daɓe, santsi zai iya kayar da ita." Sai ya shimfiɗa leda mai kauri a ciki, ya bi kowace kafa ya toshe da kwalta, har ya zama ko ɗigo ɗaya ba ya fita. Ya zuba ƙasa da taki, ya dasa furanni da ɗoɗɗoya, yana ba su ruwa safe da yamma.

Mako na fari suka tsaya kyam. Mako na biyu ganye ya fara yin rawaya. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Kafin wata ya cika, duk sun kwanta, ƙasar tana ɗoyi. Ya tumɓuke ɗaya, ya ga saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga ɗaki ya fito da gatari, yana cewa, "Katakon bola dai na bola ne. Gara a dafa tuwo da shi."

Ya ɗaga gatarin ke nan sai ya ji murya a bayansa.

"Maigida, ajiye."

Ya juya. Matarsa ce, ta ɗago kai tana kallonsa.

Ta ce, "Ba laifin katako ba ne. Kai ka shaƙe su. Ka huda ƙasan."

Ya ce, "Uwargida, in huda? Bayan duk wahalar da na sha wajen toshewa? Ruwan fa zai zube."

Ta ce, "Ya zube mana. Ka taɓa ganin na tare ruwa a kwamin albasa ya kwana uku? Yana shiga, ya jiƙa, in buɗe masa ya wuce na gaba. Sa ƙarfe a wuta."

Rabonsa da jin magana mai tsawo haka daga bakinta wata takwas ke nan. Bai ƙara musu ba. Ya juye ruɓaɓɓiyar ƙasar, ya yage ledar, ya sa rodi a murhu har ya yi ja, ya huda ƙasan akwatin wuri goma sha biyu, hayaƙi yana tashi. Ita kuma tana daga kujera tana ba da umarni: tsakuwa a ƙasa, yashi a bisa, sannan taki. Da aka zo dashe ta ce, "Matso mini da shi." Da hannunta na dama ta dasa su duka.

Ya janye akwatin zuwa bakin baranda, ruwan yana ɗiga waje. Bayan mako shida akwatin ya cika ya batse da furanni ja da rawaya, ƙanshin ɗoɗɗoya har bakin hanya. Matan unguwa suka fara zuwa roƙon iri, tana yanka musu reshe, tana koya musu dashe. Mai koyarwa kuwa dole ta ci abinci, sai ta fara cinye kwanonta. Ranar bikin godiyar kaka, maza huɗu suka ɗauki akwatin zuwa gaban majami'a, ita kuma tana biye da sanda, da ƙafarta, taki ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka miƙe tsaye, mata suka rangaɗa guɗa, mijin yana tsakiyarsu yana kuka yana yabon Allah.

To, ga ma'anar misalin, ya ku ƙaunatattu. Akwatin nan mu ne. Ubangiji ya tsince mu inda aka yar da mu, ya zare mana tsatsa, ya gyara mu. Ruwan kuwa alherinsa ne, wanda yake zubo mana kowace rana. Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne. Tsoro ne ya sa ya toshe, tsoron kada ya rasa. Haka mu ma muke yi. An gafarta maka, amma shekara biyu ba ka gaisa da ɗan'uwanka ba. An koya miki ɗinki kyauta, ke kuwa ba ki koya wa kowa ba. Muna ta addu'a a ƙara mana ruwa, alhali wanda aka ba mu yana ruɓar da saiwarmu.

Hudawa da zafi, gama da ƙarfen da aka sa a wuta ake yinta. Amma Allahnmu ba ya ɗaga gatari a kan abin da ya gyara da hannunsa. Rijiyarsa kuma ba ta ƙafewa. Saboda haka kada ku ji tsoro. Yau, kafin ku ci abincin rana, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya hana wa abin da shi ya samu kyauta. Ku tashi ku kai masa.