Ranar da Aka Saki Hannun Kaka

Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha shida da kowa a gidansu yake kira Jirgi. Kakansa ne ya laƙaba masa sunan, saboda yaron nan ba ya tafiya sai gudu, ba ya cin abinci sai haɗiya. In ana yi masa magana, kafin a kai rabi ya ce "na ji, na ji" ya yi waje. Ba mugun yaro ba ne, Allah ya sani. Yana da fara'a, ba ya rashin kunya, ba ya ɗauke-ɗauke. Amma fa wajen rashin haƙuri, sai dai a yi shiru kawai.

Su biyar ne a gidan. Abba makanike ne, Umma tana koyarwa a makarantar yara, sai Yaya, babbar yayar Jirgi, wadda ta duƙufa karatun jarrabawar fita sakandare. Sai kuma Kaka, mahaifin Abba, tsohon mai gyaran agogo, wanda ya ajiye aiki tun da idanunsa suka fara yin hazo. Kaka da Jirgi abokan tsokana ne. In Jirgi ya wuce ƙofar ɗakinsa a guje, sai tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Jirgi, birki! Ka manta fasinja!" Jirgi kuwa ya ce, "Fasinjan da ba ya biyan kuɗin mota, wa zai tsaya masa?" Su yi dariya.

Wata rana da safe aka ce Jirgi ya kai Kaka asibitin ido. Ya yi ta ƙunƙuni, don ranar ce ƙungiyarsu take da wasan ƙwallo da rana, shi ne kuma mai tsaron gidansu. Abba ya harare shi sau ɗaya, Jirgi ya daina ƙunƙunin.

A asibiti suka tarar da layi. Jirgi ya zauna, ya tashi, ya leƙa, ya dawo, waya a hannu, abokai sai aiko masa saƙo suke yi. Da aka zo kansu, nas ta ɗiga wa Kaka wani magani mai buɗe ƙwayar ido don likita ya ga cikinsa sosai. Bayan an gama dubawa, ta kira Jirgi gefe.

"Kai ne ka kawo shi?"

"Ni ne."

"To ka saurara. Maganin nan zai sa haske ya dame shi, ba zai ga komai sosai ba sai can da yamma. In kun fita rana, kada ka saki hannunsa har sai kun shiga gida."

"Na ji, na ji," in ji Jirgi, idonsa a kan waya.

Ya dai ji ɗin, amma a ransa cewa ya yi nas-nas ɗin nan ba su da aiki sai tsorata mutane. Suka shiga bas, suka sauka a mararrabar da ke bakin unguwarsu, rana tana tsaka tana dukan kwalta. Daga nan zuwa gida ba wani nisa, a tsallaka babban titi, a miƙe, a sha kwana. Filin ƙwallo kuwa yana ɗaya ɓangaren. Wayar Jirgi ta sake ƙara: an kusa farawa, in bai zo ba za a sa wani a gida.

"Kaka, ai ka san hanya daga nan, ko?"

Kaka ya runtse ido, ruwa yana zubo masa a kumatu. Shi kuma mutum ne da ba ya son a ce ya gaza. Ya ce, "Ni? Tun ba a haifi ubanka ba nake bin titin nan." Amma bai saki hannun rigar yaron ba. Ya ƙara da cewa a hankali, "Sai dai ranar yau tana da ƙarfi, abokina."

"Ka ɗan tsaya a inuwa ta lafa maka, sai ka wuce. Ni ma yanzu zan dawo."

Jirgi ya zare hannunsa ya arce. Ko waiwaye bai yi ba.

Wasa ya yi daɗi. Jirgi ya tare ƙwallaye, aka yi ta yi masa tafi, kansa ya yi girma. Bayan an tashi suka zauna ƙarƙashin bishiya ana ta musu da sake labarin wasa, har rana ta yi sanyi. Ya biyo ta hanyar baya ya shigo gida yana fito, takalman ƙwallo rataye a wuya.

Yaya ta ɗago kai daga littafi. "Sai yanzu? Layin ne haka? Ina Kakan?"

Fiton ya tsaya a bakinsa. "Ba ya ɗaki?"

"Wane ɗaki? Ba tare kuka fita ba?"

Jirgi ya banka ƙofar ɗakin Kaka. Gado a gyare, rediyo a kashe, abincin rana a rufe kan tebur ba a taɓa ba. Ya leƙa banɗaki, ya leƙa bayan gida, kamar tsoho allura ne da zai shige lungu. A lokacin ne maganar nas ta dawo masa, kalma bayan kalma, tsaf kamar yanzu take faɗa masa.

Yaya ta sha gabansa. "Jirgi, kalle ni. Ina ka bar shi?"

"A mararraba. Shi ya ce ya san hanya."

"Tun yaushe?"

Ta dubi takalman da ke wuyansa, ta dubi ƙurar da ke ƙafarsa, ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Tun rana?" Ta ɗauki waya za ta kira Abba, ya riƙe hannunta.

"Don Allah, Yaya, kada ki kira. Wallahi Abba kashe ni zai yi. Bari mu duba tukuna, ƙila ya tsaya hira."

Suka fita. Shagon aski suka fara zuwa, inda Kaka yakan zauna ya karanta wa mutane labarin duniya daga kansa. Mai aski ya ce rabonsa da shi tun jiya. Suka je gidan tsohon abokinsa, aka ce bai zo ba. Mai shagon kwana bai gan shi ba, mai faci bai gan shi ba. Duk wanda ya ce "a'a", sai Jirgi ya ja Yaya su nufi wani wurin. Yana sane da inda ya kamata su fara dubawa, amma ƙafarsa ta ƙi nufar can. Tsoro yake ji. Ya fara hango abubuwa a ransa: tsoho a cikin kwata, tsoho a ƙarƙashin mota, tsoho yana laluben bango a wata unguwar da ba wanda ya san shi. Yaya ce ta fizgi hannunsa ta ce, "Mu je mararrabar, ka daina kewaye-kewaye."

Tun daga nesa ya hango alamun hatsari. Fasassun gilashin fitilar babur ne warwatse a bakin titi, an watsa yashi a kan wani wuri mai duhu. A gefen tiren wata mata mai sayar da lemo kuma, ga takalmi ƙafa ɗaya an ajiye. Jirgi ya san takalmin. Shi ya goge shi da safe.

Mai lemo ta ga inda yake kallo, ta miƙe. "Ku ne masu tsohon?" Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Kai ne jikan da yake jira?"

"Jira?"

"Jira mana! Bawan Allah nan tun rana yake tsaye a jikin sandar fitilar can, ya kare ido da hannu. Na ba shi kujera ya zauna, can ya sake tashi. Na ce, Baba, faɗa mini gidanku in raka ka. Ya ce a'a, jikansa ya ce yanzu zai dawo, in ya zo bai same shi ba hankalinsa zai tashi. Ba yadda ban yi da shi ba. Ina juya baya zan ba wani canji, sai ƙara na ji."

Yaya ta fashe da kuka. Jirgi ya tambayi matar. "Yana da rai?"

"Da aka ɗauke shi dai yana numfashi. Mai babur ɗin da wasu mutane suka sa shi a mota, suka yi babban asibiti. Bayan nan kuma Allah ne masani."

Wannan karon bai hana Yaya kiran Abba ba.

A asibiti aka ce su jira a baranda, likitoci suna kansa. Abba ya iso da baƙin mai a hannunsa, ko wankewa bai tsaya yi ba. Umma ta iso tana haki. Jirgi ya takure a jikin bango yana jiran mari, yana ma roƙon a mare shi ko ya ji sauƙi. Abba bai taɓa shi ba, bai ce masa uffan ba, sai kai da kawowa yake yi. Wannan shirun ya fi duka ciwo. Can aka turo wani gado daga ciki, an lulluɓe mutum da farin ƙyalle har kai. Jirgi ya bi ƙafafun da suka leƙo da kallo, yana neman ya gane su, yana kuma tsoron ya gane su. Gadon ya wuce, wasu mutane daga can ƙarshen baranda suka bi shi da kuka. Ya sulale ƙasa ya zauna.

Gab da faɗuwar rana likita ya fito. Ya ce tsohon yana da rai, an ɗinke masa goshi, amma ƙashin ƙugunsa ya karye, kuma karaya irin wannan a shekarunsa ba ta cika barin mutum ya sake takawa ba. Ya ce su shiga, amma kada su daɗe.

Kaka yana kwance, ya ƙanƙance a cikin gadon kamar ba shi ba. Ganinsa ya fara dawowa. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wanda ya laɓe a bayan Umma.

Abba ya durƙusa a bakin gado. "Baba, me ya kai ka titi? An ce a tsaye kake, me ya sa ka sauka?"

Kaka ya yi magana a hankali, ba faɗa, ba ƙorafi. "Gudun yaro na ji daga tsallake. Irin gudunsa sak. Na ce ai na san zai dawo. Sai na ji tsoro kada ya faɗo titi da saurin nan nasa mota ta kwashe shi, shi ne na taka in ce masa ya tsaya." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe ɗan wasu ne."

Jirgi ya zube a ƙasa, ya kama hannun tsohon da hannu biyu, yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Kaka, ka yafe mini. An faɗa mini kada in sake ka, na ji da kunnena. Ni na ja maka."

"Na yafe," in ji Kaka. "Tashi, ƙasan asibiti ba ta da tsabta."

Ya yafe ɗin kuwa, har zuciyarsa. Amma yafiya ba ta haɗa ƙashi. Kaka ya dawo gida a keken marasa lafiya, bai sake taka titin nan da ƙafarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Jirgi ne yake ɗaga shi, shi yake juya shi, shi yake tura keken zuwa shagon aski. Duk wanda ya ga yadda yake tura shi a hankali sai ya ce, "Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya iya kula da tsoho." Jirgi kuwa sai dai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da turawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in an damƙa maka hannun mai rauni, amana aka ba ka, kuma ba a ajiye amana a rabin hanya don wani abin sha'awa ya taso. Wasa zai sake zuwa, abokai za su sake kira, amma lafiyar tsoho in ta tafi ba ta dawowa. Ku matasa, ku riƙa sauraron magana har ƙarshenta. Ku kuma sani cewa tsoho yakan ce "zan iya" don kada ya zame muku nauyi, kuma in kun ce masa "yanzu zan dawo", shi da gaske yake ɗauka, zai tsaya yana jira.