Sunan Jikan Sallau

Wanzami har ya gama wasa aska, goro ya zagaya sau biyu, amma Sallau ya kasa buɗe baki. Liman ya matso ya ce, "Malam Sallau, rana fa tana yi. Ragon ma ya gaji da tsayuwa."

Abin da ya faru kuwa, tun yana gidan yari ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, in ya fito, jikansa na fari zai ci sunan wanda ya fito da shi. To ya fito wata biyar da suka wuce, ga jika namiji, ga mutum uku zaune a tabarma ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

Shekara tara ke nan aka kashe maƙwabcinsa Jatau a rikicin iyakar gona, aka yanke wa Sallau ɗaurin rai da rai. Ya ɗaukaka ƙara. Ana cikin haka dattawan gari suka yi sulhu tsakanin gidajen biyu, suka ce abin kunya ne a sha fura tare kuma a ci gaba da zuwa kotu, a janye ƙarar, ai za a sake shi. Aka janye. Ba a sake shi ba. Da suka koma kotu, sai alƙali ya ce ƙarar da aka janye ta mutu, in kowa zai dawo a buɗe masa, ba shari'ar da za ta taɓa ƙarewa. Shi Sallau har yau bai gane yadda sulhu ya zama kwaɗo a ƙofarsa ba.

Na farko a tabarmar nan Ayuba ne, mutumin da ya rantse ya ga Sallau da gatari. Da ya tashi tafiya Hajji, yana bin gida gida neman gafara, ya zo ƙofar matar Sallau sai ƙafa ta ƙi shiga. Nan ya durƙusa ya ce ƙarya ya yi, ranar yana kasuwar wani gari ma, haushin Sallau kawai yake ji. Ya bar jirgi ya tashi ba shi, ya je ya maimaita a gaban alƙali, ya yi shekara ɗaya a ɗaure. Amma kotu ta ce ta ji, sai dai ba ƙarar da za ta ɗora maganar a kai.

Na biyu Malam Hudu, tsohon magatakardan kotun. Shi ya karɓi takardar janyewar nan, yana sane ba hannun Sallau ba ne a kai, ya ga dai mutanen ƙauye ne sun sha hanya, ya buga hatimi. Da ya ji labarin Ayuba, ya kwana uku yana tonon ɗakin ajiya har ya zaro takardar, ya miƙa da kansa. Saura wata huɗu ya yi ritaya aka kore shi.

Sai Zakari, ƙanen Sallau. Yatsansa ne a takardar. A ganinsa ciki ɗaya suka fito, ya dangwala wa yayansa, mene ne a ciki? Da bai tsaya ya ce shi ne ba, takardar Malam Hudu banza ce. Dattawa suka ce in ya yi magana ya warware sulhu. Ya yi. Aka soke janyewar, aka buɗe ƙara, aka saurari Ayuba, aka sallami Sallau. Har gobe rabin gari ba sa amsa gaisuwar Zakari.

Kun ga inda kan Sallau ya kulle. Duk wanda ya kalla, sai ya ga shi ya rufe shi, kuma shi ya buɗe shi.

Matarsa ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ka sa masa sunan lauya mu huta mana."

Sallau ya ce, "Lauyar mace ce, Delu."

Zakari ya ce a hankali, "Yaya, ni dai cire ni."

Ayuba ya ce, "A'a, ni ya kamata a cire."

Malam Hudu kuwa hularsa kawai yake juyawa a hannu.

Liman ya kawo kunnensa dab da bakin Sallau, yana jira. To ku da kuke nan, Ayuba, Hudu ko Zakari, sunan wa ya kamata yaron nan ya amsa?