Jirgin Baba Jibo a Kan Bulo

Ku matso kusa, yau akwai shari'ar da za ku yanke.

A wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara an yi wani dattijo, Baba Jibo, mai jirgi ɗaya da 'ya'ya uku. Da ƙasan jirgin ya fara yoyo, sai ya ce a jawo shi tudu, a jera bulo, a shimfiɗa katako, a ɗora shi a kai. Da aka yi maganar ɗaure katakon da bulon, ya ce nauyin jirgi ya isa, haka kowa ke yi. Taurin kan tsohon nan sai wanda ya gani. 'Ya'yan suka bari ya tafi cin kasuwa, suka yi abin da suka ga ya dace.

Babban, Cindo, magini ne. Ya daidaita ƙasa, ya cika ramukan bulon da kwaɓin siminti da tsakuwa.

Barau maƙeri ne. Ya yanko rodi, ya lanƙwasa gindin kowanne kamar ƙugiya, ya dasa su cikin simintin tun yana ɗanye, ya bar kawunansu a waje.

Autansu Gambo, kafinta, ya ƙi buga ƙusa, don ƙusa tsaga itace take yi. Ya samo katakon maɗaci, ya huda shi daidai kan kowane rodi, ya zura, ya ɗaure da noti tamau. Uban ya dawo ya ce sun yi ɓarnar siminti.

Wata rana da hantsi, Baba Jibo na kwance a ƙarƙashin jirgin yana shafa kwalta, sai bijimai biyu da aka koro mashaya suka kaure da faɗa. Suka bangaje jirgin maƙwabci, ya kife, bulonsa suka watse. Sannan suka afka wa na Baba Jibo. Bulo ya tsage, amma simintin ciki ya riƙe. Rodi ya karkace bai tumɓuke ba. Katakon ya yi ƙara kamar zai rabe, ya tsaya. Tsohon ya rarrafo waje da kwalta a gemu, ko ƙwarzane babu.

Ya tara 'ya'yan ya ce, "Ni da ruwa mun yi sallama. Jirgin nan na wanda ya cece ni ne."

Abin tausayi, har yau ya kasa miƙa wa kowa filafilin tuƙa jirgin. Jirgi ba ya rabuwa uku, kuma duk wanda ya ba, biyu za su ce an ci amanarsu. Ga ruwa ya kawo, kifi na wucewa, gidan na sayen na miya a hannun maƙwabta, jirgi kuwa na bushewa a kan bulo.

To, ku da ke zaune, Cindo, Barau ko Gambo, wa za a miƙa wa filafilin?