Barmo da Salkar Iska

Akwai wanda ke yawo da ni a gari, wai tatsuniyata gabatarwa ta fi labari tsawo. Ya san kansa. To ga ta nan, ga ta nanku, a taƙaice. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa.

Duniyoyi a rataye suke kamar ƙore a igiya, rana a tsakiya tana ci kamar murhu. Tsakaninsu babu iska ko ta hura wuta. Mai tafiya sai ya ɗura tasa a salka.

Wani gari rijiyoyi suka ƙafe. Sai aka zaɓi Barmo, wanda ya fi kowa ladabi, ya ɗebo ruwa daga Duniyar Ƙanƙara. Hankaka mai kwale-kwalen sama ya ce, "Malam, kowace kalma iska take ci. Ka ɗinke bakinka."

Barmo ya ce, "An gama."

Sai suka iso Jar Duniya, ga tsohon Ƙadangare yana ƙira. Barmo ya daure, ya daure, sai ya fashe: "Sannu da aiki, baba! Ina gajiya? Ya iyali? Ya zafi?"

Salka ta rame. Hankaka ya ce, "Ubanka ne?"

"Tsoho ne, ɗan nema!"

Sai suka iso Duniya Mai Zobe, wadda ke juyi kamar mazari. Kafin ka rufe baki gari ya waye, kafin ka buɗe rana ta faɗi. Ga wata gwaggo Bushiya a ƙofar gida. Barmo ya ce, "Ina kwana?" Sai yamma. "Af, ina wuni?" Sai safiya. "Gwaggo, ina kwana kuma?" Da ƙyar Hankaka ya fizge kwale-kwalen.

Sai Duniyar Ƙanƙara. Kunkuru mai wurin ya ɗora musu ƙanƙara kamar rumbu. Hankaka ya matsa salka, ya ce, "Saura daidai komawa, in ba wanda ya yi ko tari."

Suka ɗaga. Sai Kunkuru ya ɗago wuya: "A gaida gida!"

Barmo ya ciji leɓe har jini. Ya juya. "Za su ji, baba! Mun gode! Allah ya bar zumunci! A gaida..."

Iska ta rage ta tsuntsu ɗaya. Hankaka ya sauke shi da kayansa a wurin Kunkuru, ya cafki ɗan gutsuren ƙanƙara a baki, ya dawo gari da ɗigon da bai isa ko kaza ba.

Dattawa suka taru, leɓuna a tsage. Suka ce, "Ya dai gaisa da mutane?"

"Har da ban kwana."

"Alhamdu lillahi, bai ba mu kunya ba."

Suka ɗaure kaya suka bar garin, suna sa masa albarka.

Haka muke: gara ƙishi ya kashe mu da a ce ba mu da tarbiyya. Kurunkus, ta ƙare. Wanda zai iya jin "a gaida gida" ya haɗiye amsa, ya miƙe ya ƙaryata ni.