Bijimin da Tabawa Ta Yi Alkawari

Ku gyara zama, ku ajiye hira. Wannan ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani gari, Rafin Kanya, wanda mutanen daji suka tarwatsa shekaru, akwai wata mata mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu a gudun hijira. Da aka ce kowa ya koma gida, abu biyu ta dawo da su: ɗanta Mati, magidanci, da wani jan bijimin huɗa da ta saya tun yana maraƙi da guminta na suyar ƙosai a sansani. Tabawa ba a taya mata kaya sau biyu. Mahauta sun zo, dillalai sun zo, ta ce da su, "Ko ƙahonsa ba ku isa saya ba."

To amma gonakin garin duk an binne musu nakiya. Sai sojoji suka kawo wata ƙatuwar mota mai sulke, a goshinta wani gungumen ƙarfe mai sarƙoƙi yana juyawa yana dukan ƙasa. Nakiyar da sarƙa ta samu sai ta tashi. Mutane suka sa mata suna Mai-Sussuka. A tudu mai tauri, aikinta ba magana. A fadama kuwa, inda ƙasa ke da laushi, wata nakiyar ba ta fashewa, sai dai sarƙa ta ƙara danna ta ciki ko ta cilla ta gefe. Sojojin sun san haka, shi ya sa suka kafa jajayen turaku a bakin fadamar Tabawa, suka ce kada kowa ya ƙetare sai masu nema da hannu sun zo. Masu nema da hannu ba su zo ba. Ruwan shuka ya riga su.

Mati ya fita da safe da ƙwaryar iri. Bai ga turke ko ɗaya ba, ga sawun motar kwance a gonar, sai ya ɗauka an gama. Tabawa tana tankaɗe ta ji ƙarar, kuma tun kafin a faɗa mata, jikinta ya ba ta.

Gari ya taru a bakin gona. Ga Mati can ƙarƙashin gawo, ƙafa ta tafi, yana kiran "Inna, Inna," muryar tana raguwa. Babu mai ɗaga ƙafa. Tabawa ta zabura, mata suka riƙe ta. Sai ta juya ta dubi mazan garin, ido a bushe, ta ce, "Wanda ya fito mini da shi da rai, bijimina nasa ne. Ku shaida."

Na farko Kofur Jatau ne, direban Mai-Sussuka. Ogansa ba ya gari, kuma doka ta hana a tada motar ba izini. Ya tada ta. Ya kutsa fadama sarƙoƙi na duka, ƙananan nakiyoyi suna tashi hagu da dama, har ya ci fiye da rabin tafiya. Nan ya hau wata babba, irin wadda ake binne wa motoci. Gungumen ya tsinke, motar ta durƙusa cikin laka. Jatau ya fito jini na zuba ta kunnuwansa. Daga ranar bai sake jin kiran salla ba, kuma aka sallame shi daga aiki. Sai dai shi ne wanda ya bi fadamar tun farko, kuma an sha jin sa a teburin mai shayi yana cewa, "Inda Mai-Sussuka ta bi, ko jariri ya yi rarrafe." A teburin nan Mati ya ji.

Na biyu Gide ne, makiyayi. Da ya ga mota ta tsaya, sai ya koro tumakinsa da awakinsa kaf, ya bi da su ta sawun motar, ya matse su wuri ɗaya, ya tura su gaba. Dabbobin da ya sani da sunayensu suka riƙa tashi sama yana kallo, yana kora yana kuka. Suka buɗe hanya har kusa da gawon, sauran suka firgita suka watse cikin gonaki, ana ta jin ƙararsu har la'asar. Abin da ya mallaka ke nan a duniya. Sai dai da aka leƙa garkensa, ga jajayen turakun nan a kafe. Ashe tun kafin ranar ya ga itace mai kyau a banza, ya ga mota ta riga ta wuce, ya tumɓuke ya ɗaure awaki.

Na uku Sallau ne, mai gyaran keke, mutumin da ba a cika jin bakinsa ba. Saura 'yar tazara, ga Mati ana gani, amma ba mota, ba dabba. Sallau ya ce, "Kada kowa ya bi ta gabas da gawon." Ya kwanta rub da ciki da wuƙa a hannu, yana tsokanar ƙasa a hankali, ya tono ɗaya, ya kewaye wata, ya isa. Ya ɗaure cinyar Mati da robar keke, ya goyo shi ya fito. Aka yi ta kabbara, har wani dattijo ya ce, "Kai Sallau, ya aka yi ka san ta gabas?" Ya ce, "Mutanen daji sun kama ni, bindiga a wuyana. Ni na binne su." Yau ba mai kawo masa keke, ba mai amsa sallamarsa, iyayen matarsa sun zo sun tafi da ita. Ya san haka za ta faru kafin ya kwanta a ƙasar nan. Ya kuma san inda nakiyoyin suke tun ranar da aka dawo gari, bai faɗa ba.

Mati ya rayu, da sanda a hammata. Su ukun ba wanda ya zo ya tambaya, amma kowa ya san ba su da abin kaiwa baki, kuma gari ya shaida alkawari.

Liman ya ce, "Tabawa, a sayar a raba musu."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, wanda na ce, ban ce waɗanda ba."

Sarkin fawa ya ce a yanka a kasa uku.

Ta ce, "Bijimi na yi alkawari, ban yi alkawarin nama ba. Ni Tabawa ban taɓa tauye mudu ba, ba zan fara da ran ɗana ba."

Kullum da safe sai ta kwance igiyar ta fito ƙofar gida. Ta nufi wajen Jatau, sai ta tuna teburin mai shayi. Ta juya wajen Gide, sai ta ga jan turke. Ta dubi rumfar Sallau, sai ta ji sandar Mati tana ƙwanƙwasa ƙasa a bayanta. Ta koma ta ɗaure. Damina tana wucewa, bijimi yana tsaye yana tuƙa, gida huɗu ba wanda ya yi huɗa.

In babu motar ba a shiga, in babu garken ba a matsa, in babu Sallau ba a fito ba. Kuma in babu su ukun, da Mati yana kan ƙafafunsa biyu.

To, ga igiyar nan na miƙa muku. A hannun wa Tabawa za ta sa ta?