Yadda Kurege Ya Sumar da Kwamfutar Rumbu

Ku matso kusa, ga wata nan tafe da ƙafafunta.

A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, namun dawa suka tara gyaɗa da gero a rumbu guda, suka sa masa ƙofar ƙarfe. Giwa ta kawo babbar kwamfuta ta girke a gindin kuka. Mai son abinci sai ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, na'ura ta tantance shi, ta zubo masa gwargwadon girmansa. Giwa kaɗai ke da ikon shugaba, mai buɗe ƙofar baki ɗaya. Bauna ce mai gadi, Kunkuru kuma mai gyara.

Rabon Kurege gyaɗa bakwai ne a rana, shi kuwa cikinsa na saba'in ne.

Sai ya ƙera tabarau da karan dawa, ya rataya jaka, ya je wa Bauna da taƙama. Ya ce shi injiniya ne daga birni, an turo shi duba lafiyar na'ura, amma aikin ba ya yiwuwa sai da kalmar Giwa. Bauna ta sha jin Giwa tana gunaguninta in tana rubutawa, sai ta raɗa masa. Ya rubuta ta, ƙofa ta buɗe, ya cika jaka taf.

"Yaya Bauna," in ji shi yana tafe, "ni ne wanda ƙarfe ke gani ya rusuna."

Da gari ya waye, Giwa ta ga giɓi a rumbu, ta canza kalma, ta daina gunaguni. Kurege ya bari sai da rana ta take, Bauna na gyangyaɗi, ya lallaɓo. Ya gwada "rake", ya gwada "kogi", na'ura ta ƙi. Haushi ya kama shi, ya haye madannai yana tsalle, jelarsa na sharar haruffa, har suna ya kai harafi dubu. Sashen da ke tantance masu shiga ya shaƙe, allo ya yi fari fat, sai ga ƙofa ta wangale kamar Giwa ce ta zo.

"Wasu da kalma suke shiga," ya ce, baki cike da gyaɗa, "ni da rawa nake shiga."

Kwana uku yana haka. Duk sanda na'ura ta suma, Bauna kan farka ta rufe ƙofa, ba mai samun ko ƙwaya sai Kunkuru ya rarrafo ya tashe ta, shi kuwa tafiyarsa wuni guda ce. Barewa da 'ya'yanta suka yini a layi da yunwa. Giwa ta ɗaga ƙafa za ta take kwamfutar, Kunkuru ya roƙi arzikin kwana ɗaya.

Ya buɗe rajistar da na'ura ke rubuta duk abin da ya same ta, ya bi ta layi-layi. Kafin kowace suma akwai suna mai tsawon igiyar rijiya. Ya kuma gano cewa maƙerinta ya tsara in mai tantancewa ya faɗi, ƙofa ta buɗe don kada kowa ya rasa abinci. A tsakanin madannai ga jan gashi. Kunkuru ya gane gashin jelar Kurege ne, ya yi 'yan taɓe-taɓensa a na'ura, ya shige inuwa.

Da gari ya waye, Kurege ya zo da jaka biyu. Ya taka rawarsa, allo ya yi fari, ƙofa ta buɗe taƙi ɗaya. Ya cusa kai, ya cusa ciki, ya cika kumatu, sai ƙofa ta dawo garam ta danne jelarsa, ƙararrawa ta kaɗa. Bauna ta zabura, Giwa ta iso ƙasa na girgiza.

"Ranki ya daɗe, ɓarawon na biyo," in ji Kurege, gyaɗa na zubowa daga bakinsa.

"To, ka kama shi," in ji Kunkuru.

Giwa ta kaɗa hanci. Kurege ya fizge da ƙarfin tsiya, ya bar rabin gashin jela a ƙofa, hancin ya same shi a gindi, ya tashi sama ya faɗa cikin ƙaya. Ya miƙe yana ɗingishi, bai tsaya ba sai kan wani suri mai nisa, inda ya juyo yana tsince ƙaya daga cinya.

"Malam Kunkuru," ya ɗaga murya, "ni na nuna muku inda na'urarku ke ciwo. A birni, godiya ake yi wa irina."

Bauna ta yi taku ɗaya, ya shige rami.

Nan ta tsaya, sai kowa ya share ɓawon gyaɗarsa.